Makaɗi ɗaya da lufa a gabansa: gwaninta ce ko aikin na'ura?

Sadiq_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya biyu gare ni a haɗe. Kwanan nan na faɗa kallon makaɗan nan masu hawa dandamali su kaɗai da wata 'yar na'ura a ƙasa, lufa, su taka ta da ƙafa ta ɗauki abin da suka kaɗa ta yi ta maimaitawa, su kuma suna ɗora wani sautin a kai har wuri ya cika kamar ƙungiya guda ce ke kiɗa. Wadda ta fara kama ni ita ce KT Tunstall, 'yar Sikotilan, a shirin Jools Holland na BBC a 2004. Ta fara da karta igiyoyin jita, ta ɗora muryarta, ta ɗora tafi, kafin ka ankara waƙa ta tashi tsaye. Na nuna wa abokin aikina ya ce wannan ai ha'inci ne, na'ura ce ke yin aikin. Ni ban yarda ba, amma na kasa yi masa bayani. Me kuke gani?

Ta biyu, a wajen bin sawun masu lufa na ci karo da kiɗan ambiyent, mai sanyin nan da ba ruwansa da ganga ko baiti. Ina son irinsa don karatun dare. Wanda ya san masu kyau ya taimaka.

Injiniya_Bash:
Wa alaikumus salam. Sadiq, ka ce wa abokinka ya zo ya taka ta sau ɗaya kawai. Lufa ba ta zuwa da komai a cikinta. Takun farko ta fara naɗa, taku na biyu ta yanke ta koma farko, tsawon da ke tsakanin takun nan biyu shi ne zagayenka har ƙarshen waƙa. Idan ƙafarka ta makara ko da ƙiftawar ido, duk zagayowa sai an ji kiɗan ya yi ɗingishi a daidai wurin, kuma duk abin da ka ɗora a kai zai gaji ɗingishin. A sitidiyo muna yanka, mu ja, mu gyara, mawaƙi ya sake baiti har sai ya dace. Mai lufa a gaban jama'a ba shi da wannan gatan. Kuskuren da ya yi a minti na farko zai dawo masa a kunne sau talatin kowa na ji. Wasu na'urorin suna da maɓallin goge abin da ka ɗora na ƙarshe, amma tushen idan ya karkace sai dai a rushe a sake.

Sannan akwai lissafi. Dole ya san me zai fara sawa, me zai bari sai tsakiya, yaushe zai kashe wani layi don waƙa ta numfasa. Yana waƙa, hannu na kan jita, ƙafa na kan maɓalli, kai na ƙirga.

Ummu_Hanan:
Wannan zargin ba yau aka fara ba. Lokacin da Ed Sheeran ya rufe bikin kiɗa na Glastonbury a Ingila a 2017 shi kaɗai, mutane sun yi ta cewa kiɗan da aka naɗa tuntuni yake bi, har sai da ya fito a Twitter ya bayyana cewa komai a nan take yake yinsa da lufa. Kafin nan ma a 2015 ya cika filin Wembley dare uku a jere, ba makaɗi ko ɗaya a bayansa.

Kawu_Tanimu:
Yara, ku bar ni in sa baki ko da ba zamanina ba ne. Ban ce ha'inci ba ne, Injiniya ya gamsar da ni cewa akwai wahala. Amma wahala daban, daɗi daban. Mu da muka taso da Shata mun san abin da ake kira amshi. 'Yan amshi suna maimaita layi ɗaya, masu kalangu suna riƙe da kiɗa ɗaya, shi kuma yana yawo a kai yadda ya ga dama. To amma waɗannan mutane ne masu kunne. In ya ɗaga murya sai kalangu ya ɗaga, in ya ja baiti ya yi tsawo sai su jira shi, in wani babban mutum ya shigo fili sai kiɗan ya sauya tun kafin a ce a sauya. Na'urarku za ta iya jiran mutum? Abin da ka ba ta shi za ta dawo maka da shi, ko filin ya yi zafi ko ya yi sanyi.

In kuma maganar mutum ɗaya ya riƙe taro ake yi, Ɗan Maraya Jos ya yi shekaru yana yi da kuntigi mai tsarkiya ɗaya, babu waya babu lantarki. Allah ya jiƙansu duka.

Sadiq_Gwammaja:
Amin Kawu. Wallahi maganar jira ɗin nan ta shige ni, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Amma ni abin da ke burge ni shi ne ana gina waƙar a gabana. Na ga tubalin farko, na ga na biyu. Waƙar da aka gama a sitidiyo ba ta ba ni wannan.

Rabi_Tudun_Wada:
Ni tambaya ta biyu zan amsa. Ka fara da Brian Eno, faifansa na 1978, Music for Airports. Kashi huɗu ne, na farkon fiyano ne a hankali, sauti kaɗan da tazara mai yawa. Da shi na yi karatun jarrabawar ƙarshe. Kada ka ƙure sauti, ka sa shi ƙasa-ƙasa yadda in fanka na juyawa za su haɗu. Kuma ina jin shi ne ma ya ƙirƙiro wannan salon maimaitawar, ka ga tambayoyinka biyu tushensu ɗaya.

Malam_Habu_Zariya:
Malama Rabi ta yi daidai da ta ce tushensu ɗaya, sai dai ƙaramin gyara. Eno shi ya raɗa wa ambiyent suna ya kuma yaɗa shi, amma dabarar maimaita sauti nan take ta riga shi. Terry Riley, Ba'amurke, ya yi ta a Faris tun 1963, da sautin ƙahon Chet Baker. Rikoda biyu ake ajiyewa irin masu babban faifan zare. Zaren ya fito daga ta farko, ya ratsa sarari, ya shiga ta biyu. Ta farko tana naɗa, ta biyu tana karantawa ta mayar wa ta farko. Saboda haka abin da ka busa yanzu zai dawo bayan 'yan daƙiƙu, ya sake dawowa, kowane zuwa yana ɗan dusashewa. Nisan da ke tsakanin rikodojin biyu shi ne tsawon jiran. Kana son zagaye mai tsawo, sai ka matsar da teburi.

Wannan tsarin Eno ya nuna wa Robert Fripp, mai jitar ƙungiyar King Crimson, suka fitar da No Pussyfooting a 1973. Daga baya Fripp ya riƙa yawo shi kaɗai da rikoda biyu da jita yana yi a gaban mutane.

Shi kuma faifan da Malama ta ambata, akwai abin da ya kamata mai sauraro ya sani game da kashi na biyu, mai muryoyi. Kowace murya sauti ɗaya tak ta rera, aka sa ta a zarenta daban, aka haɗa bakin zaren ya zama zobe. Zobban ba tsawonsu ɗaya ba: wani yana dawowa bayan kusan daƙiƙa 23, wani kusan 26, wani kusan 30. Tunda ba sa tafiya tare, yanzu biyu su haɗu, anjima uku, anjima shiru. Ba wanda ya zauna ya rubuta inda za su gamu. Shi ya sa za ka ji kamar abu ɗaya ake maimaitawa amma ba ka iya cewa ga abin da zai biyo baya. Kawu Tanimu, wannan bai amsa maganarka ta jira ba, amma ya nuna maimaici ba lallai ya zama daskararre ba.

Rabi_Tudun_Wada:
Na gode Malam, na ƙaru. Daren nan zan sake jin kashi na biyun da wannan kunnen.

Dan_Damagaram:
Kuna ta tafiya Ingila da Amurka, ga namu a gida. Mu a Nijar duk wanda ya girma yana jin rediyo da talabijin na ƙasa ya san kiɗan Mamman Sani, ko da bai san sunansa ba, don shi ake sawa a tsakanin shirye-shirye. Ogan ɗin lantarki yake kaɗawa shi kaɗai, da ɗan bugu mai sauƙi daga cikin na'urar, ya ɗauko karin waƙoƙin gargajiya ya shimfiɗa a hankali. Kaset ɗinsa ya fito a 1978, shekara ɗaya da faifan Eno ɗin nan. Kwafi kaɗan aka yi, ya ɓace, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi da sunan La Musique Électronique du Niger, Turawa suka yi ta mamaki. Ba lufa yake takawa ba, kada a ce na ce, amma in natsuwar dare kake nema, Sadiq, ka nemi kiɗan da ake kira Salamatu a cikin faifan. Ni in na ji shi sai in tuna tsakar gidanmu bayan isha'i, an shimfiɗa tabarmi, rediyo na kan taga.

Nasiru_Zango_Kumasi:
Tunda an zo gida bari in ƙara. Steve Reich, wanda shi ma ya yi suna da zaren rikoda masu maimaitawa tun 1965, ya zo nan Gana a 1970 ya koyi kiɗan gangunan ƙabilar Ewe a Jami'ar Gana da ke Legon. Da ya koma ne ya kammala Drumming a 1971. Kiɗan Ewe kuwa a kan ƙararrawa ɗaya yake tsaye, mai bugunta ba ya sauyawa, sauran ganguna suna shiga suna fita a kanta. Don haka in na ga Bature yana taka lufa ba na jin baƙon abu. Mai ƙararrawa ne ya rasa, ya sayi na'ura.

Injiniya_Bash:
@Kawu_Tanimu, ranka ya daɗe, na dawo kan maganarka don gaskiya ce, mu masu taɓa na'urar mun fi kowa sani. Da zarar ka rufe zagayen farko ka ɗaure kanka. Saurin kiɗan ya zauna, jerin sautin ya zauna. Shi ya sa da yawan masu lufa waƙoƙinsu kama ɗaya suke: a fara da kaɗan, a yi ta tarawa, a kai ƙololuwa, a kashe. In ka kalli biyar a jere za ka fara hasashen na shida. Gwanayen su ne masu iya ragewa. Su cire bugu su bar murya tsirara, su dawo da shi a inda ba ka zata ba. Na'ura irin Boss RC-505 layi biyar gare ta, kowanne da maɓallinsa da abin rage sautinsa, to a nan mutum yana da 'yancin yin haka. Amma jiran mawaƙi irin na 'yan amshi, babu. Mawaƙin ne ke bin ta.

Auwal_Dalibi:
Don Allah yayyena, wanda ba shi da kuɗin na'urar fa? Ina ɗan taɓa jita, na gwada wata manhaja a waya amma duk abin da na ɗora sai ya zo a makare, kiɗan ya rikice.

Injiniya_Bash:
Ƙanena, ba hannunka ba ne. Waya tana ɗaukar lokaci kafin sauti ya shiga ya fito, musamman ƙananan wayoyi. Abu na farko, ajiye abin kunne na Bluetooth, shi ya fi kowa jawo makara, nemi mai waya. Na biyu, duba cikin saitin manhajar, yawancinsu suna da wurin auna makarar su gyara da kansu. Na uku, kada ka bar sautin yana fita ta lasifikar waya, don makirufo zai sake kwashe shi ya naɗa a kan sabon layi, bayan zagaye kaɗan komai ya zama hayaniya. In Allah ya hore, nemi ƙaramar lufa ta ƙafa ko da wadda aka taɓa amfani da ita ce, irin Ditto ta TC Electronic ko Boss RC-1. Maɓallin taku ɗaya ne, ya ishe ka koyo. Ka fara da bugu huɗu kawai, ka yi ta rufe zagaye har sai ka daina jin wurin ɗinkin, inda ƙarshen zagaye ya haɗu da farkonsa. Kada ka ɗora komai kafin nan.

Hafsat_Sakkwato:
Ni ba na sauraron kayan kiɗa, ra'ayina ne kuma ba na ɗora wa kowa. Amma ina bin zaren nan don ina da matsalar da ta kawo Sadiq: unguwarmu janareto ba ya barin mutum ya tattara hankali. Abin da nake sawa shi ne sautin da aka naɗo daga daji ko ruwa. Akwai wani Baturen Ingila, Chris Watson, wanda aikinsa ke nan, ya daɗe yana naɗar sauti wa shirye-shiryen namun daji na BBC. Faifansa Weather Report na 2003 kashi uku ne: dajin Masai Mara a Kenya, wani kwari a Sikotilan, da dutsen ƙanƙara a Aisilan. Na ƙarshen za ka ji ƙanƙara tana nishi tana tsagewa, abin sai wanda ya ji. Babu kiɗa ko ɗaya a ciki. Ban sani ba ko kuna lissafa shi a ambiyent.

Malam_Habu_Zariya:
Ana lissafa shi, Malama Hafsat, masu wannan fanni suna girmama shi ƙwarai. Tsakanin naki da nasu akwai KMRU, matashi ɗan Nairobi, jikan mawaƙin Kikuyu Joseph Kamaru. Yana naɗo sautin unguwa da na gari ya saƙa shi da sautin na'ura mai ja. Faifansa Peel na 2020 shi ya fito da shi duniya. Wannan dai akwai na'ura a ciki, don haka na Sadiq ne.

Zee_Maradi:
Ba wanda ya ambaci Julianna Barwick? Ita ce ta haɗa tambayoyin biyu a wuri ɗaya. Da muryarta take yi, ta rera ɗan gajeren sauti ba kalmomi, lufa ta riƙe, ta ɗora wani a sama, ta ɗora wani, har ka ji kamar mata hamsin ne a babban ɗaki. The Magic Place, 2011. Akwai ɗan fiyano jefi-jefi amma murya ce gaba.

Garba_Mai_Shago:
Ku yi haƙuri, ni dai na gwada na Eno ɗin nan jiya bayan na karanta ku. Minti goma ina jira a fara, ashe an fara. Ba abin da ke faruwa. Mai lufa na yarda da shi, ina ganin gumi a goshinsa. Amma wannan na kasa gane me ake yabo.

Rabi_Tudun_Wada:
Malam Garba, zama ka yi kana kallonsa shi ya sa. Ba a yi shi don a zuba masa ido ba. Eno da kansa ya rubuta a jikin faifan cewa yana son kiɗan da za a iya share shi kamar yadda za a iya saurarensa. Ka sa shi lokacin da kake lissafin ciniki da dare. In bai yi maka ba, gwada Laraaji, Day of Radiance na 1980. Eno ya gamu da shi yana kiɗa a wani dandali a New York ya kai shi sitidiyo. Rabin farkon yana da motsi sosai, igiyoyi ne ake bugawa da sauri suna walƙiya. Wataƙila shi zai fi dacewa da kai.

Garba_Mai_Shago:
To zan gwada na biyun. Na farkon kam na bar muku.

Mukhtar_Jos:
Na jima ina karantawa ban yi magana ba. Akwai faifan da nake ganin ya taɓa maganar Kawu ta wata fuska, The Disintegration Loops na William Basinski. A farkon shekarun 1980 ya naɗi wasu gajerun sautuka a zaren rikoda ya ajiye. A 2001 ya ɗauko su zai mayar cikin kwamfuta don kada su lalace. Ashe zaren ya tsufa. Ya ɗora zoben farko yana juyawa, duk wucewar da zai yi ta kan na'urar sai ɓarɓashin maganaɗisun da ke riƙe da sautin ya ɗan zube. Bai tsayar ba, ya bar shi yana juyawa yana naɗa. Kashi na farko ya fi awa ɗaya. A farko za ka ji karin cikakke, kamar ƙahoni daga nesa, daƙiƙu kaɗan ne yake dawowa. Can sai ka lura wutsiyar wani sauti ta gutsure. Can sai rami ya fito a tsakiya. Kunnenka yana cike gurbin da kansa don ya haddace karin, har a kai inda abin da ya rage bai fi kututture ba.

Ya kammala aikin ne a daidai lokacin harin 11 ga Satumba, yana zaune a Brooklyn a birnin New York, ya hau rufin gidansa ya ɗauki hoton hayaƙin da yamma, hoton ne a bangon faifan. An fitar da su guda huɗu tsakanin 2002 da 2003.

Sadiq, wannan ba na karatu ba ne, kada ka sa shi kana son haddace wani abu. Na saurare shi a makon da muka yi rashin mahaifiyarmu, ban iya kai shi ƙarshe ba a lokacin. Na karatu kuwa ka nemi Hiroshi Yoshimura na Japan, Music for Nine Post Cards na 1982 ko Green na 1986. Masu haske ne, ba sa nauyaya zuciya.

Ummu_Hanan:
Allah ya jiƙan Mama, Mukhtar, ya sa ta huta. Green ɗin nan ni ma ina sa wa yara in za su kwanta.

Kawu_Tanimu:
Allah ya gafarta mata, ɗana. Jikata ta buɗe min bidiyon yarinyar nan ta Sikotilan na kalla har ƙarshe. Tana da hannu, tana da ƙarfin hali, ban hana ta ba. Ina nan dai a kan bakana cewa mutum ya fi na'ura daɗin abokin kiɗa. Amma ga tambayata gare ku: duk sunayen da kuka jero, ban da wanda Dan_Damagaram ya kawo, ba wanda ya riƙe kayanmu. Ba a samu yaron da zai zauna da gurmi ko garaya ko sarewa ya yi wannan abin ba? In akwai ku nuna min.

Sadiq_Gwammaja:
Amin. Na gode muku duka, na rubuta sunayen, na fara da Mamman Sani da Yoshimura. Abokin nawa na tura masa bayanin Injiniya, ya ce ya janye kalmar ha'inci amma yana bayan Kawu. Tambayar Kawu kuwa ni ma ina son jin amsarta.

Injiniya_Bash:
Kawu, gurmi da sarewa za su shiga lufa lafiya lau, gurmi ya riƙe ƙasa, sarewa ta yi yawo a sama. Kalangu ne nake shakka. Daɗinsa yana hammatar makaɗi, ya matse igiyoyin sauti ya hau, ya saki ya sauka, da haka yake magana yana kiran sunan mutane. In ka kulle shi a zagaye, jimla ɗaya zai yi ta faɗa har a tashi. Abin da nake gani shi ne a sa kuntuku a cikin na'urar tunda shi dama riƙe kiɗa ne aikinsa, a bar kalangu a hannun mai shi. Akwai wani mai gurmi da ke zuwa wurinmu naɗar waƙa, zan yi masa maganar in ya shigo.

Auwal_Dalibi:
Yaya Bash, na canza abin kunnen, makarar ta ragu sosai. Amma har yanzu ina jin ɗinkin a ƙarshen bugu na huɗu. A kan na huɗun zan danna ko sai na ɗayan ya dawo?